Sunan da Habsu ta ƙi faɗa

Da sunan Allah, mai jin abin da aka faɗa da abin da aka haɗiye. Wannan babin sau uku ina fara shi ina yagewa. Ku 'ya'yana kun san na yi wata mata kafin uwarku. Kun kuma ji cewa zazzaɓi ya kashe ta a hanyar Gidan Rumji, kanta bisa cinyata, na nemi mutanen kirki suka yi mata salla, na sa ta a kabari da hannuna. Ni na faɗa muku haka, kamar yadda na faɗa wa iyayenta da nawa. Ƙarya ce. Aji uku kawai na yi a lakol, makarantar boko, rubutuna ba na masu ilimi ba ne, amma zai isa ya faɗi abin da ya faru.

Sunanta Habsu. Yau na fara rubuta shi, kuma tana da rai ban taɓa kiranta da shi a gaban mutane ba. A ƙauyenmu na gefen Cadawa ba a kiran matar fari da suna. In ina nemanta sai in tsaya tsakar gida in ce, "Ke, kina ciki?" In zancenta ya taso a dandali sai in ce mai ɗakina, ko iyalina. Kalmar matata tana da nauyi a lokacin, ba ta fita bakin mutum sai gaban liman ko alƙali, wurin da ake son a tabbatar da abu. Ita kuwa nata ya fi nawa tsanani. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ko yana nan ko ba ya nan, ko da wani ne daban mai irin sunan. Maigida take ce mini. Yanzu ina jin matan jikokina suna ɗaga waya suna kiran mazajensu kamar suna kiran mai nono, ban ce sun yi laifi ba, amma ku gane cewa ga Habsu abin ba ado ba ne. Gara ta fita kasuwa babu ɗankwali da ta ce Haruna.

Ɗiyar gwaggona, Ladi, abokiyar wasana ce, don haka ta mayar da Habsu abin tsokana. Kullum suna sussuka tana ɗana mata tarko. Wata rana ina gyaran rumbu na ji ta ce:

"Amarya, ke da aka ce kin yi allo, wane Annabi ne ɗan'uwan Annabi Musa?"

Habsu ba ta ɗaga kai daga turmi ba, ta ce, "Mai sunan maigida."

"Maigidan wa? Kowace mace a garin nan tana da nata. Ko mummunan nan da ke kan rumbu kike nufi?"

"Shi ɗin dai, tunda ke ma kin gane shi."

Gidan ya ɗauki dariya, har innata da ba ta cika dariya ba ta toshe baki da zane. Na ji daɗi a ranar. Na ga kamar an ƙara mini tsawo.

Rani na biyu bayan an sauke tutar Nasara an ɗaga tamu, kawuna ya aiko. Yana zaune a wani ƙauye gaba da Gidan Rumji, ya tsufa, ba shi da ɗa namiji, gonarsa ta fi ƙarfinsa. Ya ce in zo da iyalina in zauna. Gonar babanmu kuwa mu biyar ne a kanta. Muka ɗaura tabarma da tukwane biyu da irin gujiya a kan jakata, muka kama hanyar yamma. Babu wanda ya san mu a can, mu ma ba mu san kowa ba. Mun kwana a bayan Maraɗi, muka wuce Tibiri. A nan Habsu ta fara cewa bayanta yana ciwo, kanta kamar ana sara. Na sauke tukunya ɗaya na ɗauka, na ɗora Habsu a kan jakar. Ta ja mayafi ta rufe fuska, na zaci rana take gudu. Muna tafe muna jin labari a bakin rijiyoyi cewa 'yan rani sun shiga garuruwan gaba. Haka ake cewa, don ba a son ambaton agana da sunanta. Aka ce duk wanda ta kama ana kai shi bukka a bayan gari, kuma duk wanda ke gida ɗaya da shi ana haɗa su can har sai ta gama da su, a ƙone kayansu. Ni ban taɓa yin ta ba. Lambar rigakafi ma ba ni da ita, don sa'ad da masu allura suka zo ƙauyenmu cikin karan dawa na ɓuya.

Rana ta huɗu, da tsakar rana, muka isa wani gari da ba zan rubuta sunansa ba, don mutanensa ba su yi komai ba sai alheri. Akwai wani babban gawo a gabas da garin. Na sauke Habsu a inuwarsa, na ce bari in shayar da jaka in samo mana fura. Rijiyar tana can yamma da garin, na tarar da layin shanun Fulani, na daɗe. Na ɗaure jakar a wurin da kayanmu a bayanta, na dawo da ƙwaryar fura a hannu.

Tun daga nesa na ga mutane sun yi da'ira, amma da'ira mai faɗi, kowa ya bar fili tsakaninsa da gawon. Babu mai magana da ƙarfi. Ko kaji ban ji ba. Mayafinta ya zame, kuma abin da ban yarda na duba ba kwana biyu ga shi a fili: goshinta da kumatunta da bayan hannunta duk sun feso. A gabanta akwai mai allura da kakinsa, takarda a hannu, da gardi ɗaya, ɗan sandan gwamnati, a bayansa. Ashe suna garin tun safe. Mai allurar mutumin bakin teku ne, Hausarsa ta bariki ce, bai san al'adarmu ba. Na shiga cikin mutane na tsaya, ina gaya wa kaina cewa numfashi kawai zan mayar sannan in fita.

Ya ce mata, "Ke da wa kuka zo?"

Ta ce, "Da maigida."

"Mene ne sunansa?"

Ta kawar da fuska gefe.

"Mijinki. Sunan mijinki nake tambaya. Dole shi ma a duba shi."

Ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa daga gefen mata ta ce, "Likita, ba ta iya hwaɗi, ai kunya ta." Ya juya ya ce kunya ba ta warkar da kowa. Ba mugu ba ne, gajiya ce a fuskarsa. Ya ce to in ba za ta faɗa ba ta nuna shi da hannu, in yana wurin. Sai ta ɗaga kai. Idanunta sun kumbura amma tana gani. Ta bi da'irar da kallo a hankali, mutum bayan mutum, har ta iso kaina. Ta ga ƙwaryar da ke hannuna, ƙwaryarta ce, ita ta ɗinke tsagar da ke bakinta. Ta tsaya a kaina kamar tsawon Fatiha ɗaya. Lokaci ta ba ni. Nuna miji da yatsa a cikin taro ba abin da za ta yi ba ne, kuma ta san na sani. Nawa ne in taka in fito in ce ga ni. Da ban motsa ba, kallonta ya wuce zuwa na kusa da ni, ta gama zagayen, ta ce:

"Ya yi gaba."

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsoro ya ɗaure mini ƙafa. Amma gardin ya lura ni baƙo ne. Ya nuno ni da bulalarsa.

"Kai, daga ina?"

"Daga gabas."

"Wagga ba matarka ba ce?"

Kalmar da ban taɓa faɗa a kanta ba don girmanta, ranar na fara faɗinta. Na ce, "Ba matata ba ce. A hanya na gan ta."

Tana jina. Ba ta ɗago ba. Aka kira wata mata mai zanen agana a fuska, wadda ta taɓa yi ta warke, ta zo ta kama ta ta miƙar. Suka nufi wasu bukkoki uku na kara can cikin saura. Na ajiye ƙwaryar a gindin wata katanga, na bi bayan gari na kwance jakata. Kafin la'asar na yi nisa. Da na isa wurin kawu na yayyafa wa kaina ƙasa na yi kuka, kukan kuma na gaskiya ne, labarin ne ba na gaskiya ba. Kawu ya aika gida. Aka yi mata sadakar uku da ta bakwai a Cadawa alhali wataƙila tana da rai. Ni kuma na yi kwana ashirin ina duba hannuwana kowace safiya. Ko ƙurji ɗaya bai fito mini ba.

Jakar ce ta fara. Duk sa'ad da na kora ta zuwa daji, in muka zo inuwar itace sai ta tsaya cak, ta saki baya, ta jira, kamar yadda take yi in Habsu za ta sauka. Sai ta ɗan daɗe sannan ta ci gaba. In muna dawowa ba kaya a bayanta, tafiyar mai ɗauke da mutum take yi, tana zaɓen inda za ta sa ƙafa. Na buge ta, ba ta daina ba. Na ba wani mai tukwane ita kyauta, ya yi ta mamaki.

Da damina ta sauka muka shiga noma. Kun san lokacin da rana take tsayawa tsaka, iska ta ɗauke, tsuntsaye su yi shiru, mata su fito daga gari da fura a kai zuwa gonakin mazajensu. Ina duƙe da hauya sai na ji takun ƙafa a kan kunya a bayana, takun mai ɗauke da abu, sannan ƙarar ajiye ƙwarya a ƙasa. Sai murya, ba ƙarfi, ba fushi:

"Maigida, ga ruwa."

Na juya. Gero ne kawai har iyakar gani, ko ganye ba ya motsi. Ban gaya wa kowa ba. Ba kullum take zuwa ba, kuma ba ta taɓa zuwa in da mutane ba, ba ta taɓa ƙara kalma a kan waɗannan ba. Wani lokaci wata biyu ba komai, har in ce ya wuce, sai ranar da na manta ta dawo. Da zagina take yi da na fi samun sauƙi. Shekara biyu na yi wurin kawu, garin nan tafiyar yini ɗaya ce daga can, ban je ba. Da kawu ya rasu na bar gonar na dawo gabas ta wata hanya mai nisa don kada in ga gawon. Na zauna Agiye, na auri uwarku, Allah ya jiƙanta. Muryar ta biyo ni. Uwarku ta sha tambayata dalilin da ya sa nake barin gona kafin azahar kamar malalaci. Na ce mata ciwon kai ne.

Sai da ɗana Lawali ya isa kaciya sannan na iya tambayar malami. Wani dattijo ne mai karantarwa a zauren unguwarmu. Na jira almajiran ilimi suka watse, na ce ina tambaya ne don wani abokina. In mutum ya ce a gaban jama'a wance ba matarsa ba ce, saboda tsoro, ta saku ko ba ta saku ba? A raina ina fatan ya ce ta saku. In ta saku, to ba matata na bari a bukka ba, wata ce. Ya daɗe yana kallona.

"Abokin naka, da ya faɗa, saki ya nufa?"

"Bai nufi komai ba, Malam. Tsira yake nema."

"To ƙarya ya yi, aure kuma yana nan. Ƙarya ba ta kwance igiya. Tana ina yanzu?"

"Ta rasu. Ina jin ta rasu."

"Kana ji?" Ya rufe littafinsa. "Haruna, in ta rasu, matarka ce ta rasu. In tana da rai, matarka ce take zaune wani wuri tana jira. Je ka gano."

Na shiga mota har Gidan Rumji, na dawo baya da ƙafa. Garin ya girma, gawon yana nan. Na ce wa mutanen da ke zaune a ƙofar masallaci ni fatake ne, ina neman matar da ta yi jinyar masu 'yan rani shekarun baya. Aka nuna mini gidanta. Iya Tabawa ake ce mata. Ta tsufa ƙwarai, ta makance, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya da laluben hannu. Na yi sallama, na gaishe ta, na ce ko tana tuna wata baƙuwa da aka tsinta a gindin gawo. Hannunta ya tsaya. Ta juyo da fararen idanunta daidai inda fuskata take.

"Kai ne Haruna."

Ban faɗa wa kowa sunana a garin ba. Na zauna a ƙasa ba tare da an ce in zauna ba.

"Ka daɗe bisa hanya," in ji ta. "Ta ce jaka ka tahi shayarwa."

Ta ba ni labarin tana ci gaba da ɓarar gujiyarta, kamar tana faɗin abin da aka yi jiya a kasuwa. Kwana tara Habsu ta yi. Duk tsakar rana in an kawo mata fura sai ta sha rabi ta rufe rabi da faifai, ta ce na maigida ne, zai dawo da ƙishi. Liman ya zo ya tsaya daga nesa ya ce ta faɗi sunan mijinta da garinsu a aika, ta ƙi. Matan garin suka fara ce mata bazawara, wasu suna cewa ai irin matan nan ne masu yawo. Ta sa Iya Tabawa ta je bakin rijiya ta faɗa musu ita matar aure ce, da igiya uku a kanta, kada wanda ya sake kiranta da wani abu.

"Na ce mata, ɗiyata, namijin da ya bar ki nan ba miji ba ne. Ta ce, Iya, ba ki san shi ba, tsoro gare shi tun yana yaro, ko allura gudu yake. In ya huce zai zo." Tsohuwar ta tofar da ɓawo. "Ranar ta tara, rana tsaka, ta tashi zaune da kanta. Ta dubi ƙofar bukka, ta ce Haruna. Sau ukku. Kamar mai ɗanɗana abu. Sannan ta ruhe baki da hannu ta yi 'yar dariya, ta ce, Iya, kada ki gaya wa kowa na hwaɗi. Ta kwanta. Shi ke nan. Ban gaya wa kowa ba. Na aje maka."

Na tambayi kabarin. Ta ce waɗanda ciwon ya kashe can cikin saura aka rufe su, an ƙone bukkokin, wurin ya zama gona tuntuni. Liman ya yi mata salla, da aka tambaye shi wa za a ce ta rasu, ya ce a ce matar wani bawan Allah. Na je gonar. Gero ya kai ƙirji. Na tsaya a tsakiya da tsakar rana, na jira takun ƙafar nan, karo na farko ina son in ji shi, don in amsa. Na jira har inuwata ta koma gabas. Ba ta zo ba. Tun daga ranar ban sake jin ta ba, ko sau ɗaya. Na zaci sauƙi zan ji. Har zuwa shekarar da na daina noma ina tsayawa a gona da rana tsaka ina kasa kunne.

Na dawo Agiye na ci gaba da yin shiru, wannan ma laifi ne na biyu, kuma ya fi na farko tsawo. Habsu tana da ƙane, Sanda, wanda kuka sani, mai kawo mana kaji duk Salla daga Cadawa. Tun rasuwarta bai yanke zumunci ba. In ya shigo sai ya ɗaga murya tun daga zaure, "Ina mijin yaya, mai kunnen jaki?" Mu yi ta tsokanar juna kuna dariya. In zai tafi kuma sai ya riƙe hannuna ya ce Allah ya saka mini da na rufe 'yar'uwarsa a baƙon wuri ban bar ta ga kuraye ba. Ni kuma in ce amin.

Watan jiya na ce wa Lawali ya kai ni Cadawa in duba Sanda, don ƙafa ta hana shi fita. Lawali ya zauna a mota. Na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya fara wasan da ya saba, na ce ya dakata. Na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba, har da ƙwaryar da na ajiye a gindin katanga. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Kwana tara," in ji shi. "Ranar da muka yi mata sadakar uku tana da rai ke nan."

Na ce, "Tana da rai."

"Inna ta so ta je ta ga kabarin. Kai ka ce mata hanya ba kyau."

Na ce ni na ce.

Ya kira jikarsa ta kawo mini ruwa, don ni baƙo ne a gidansa. Ya jira na sha. Sannan ya ce, ba da faɗa ba:

"Tun ina saurayi nake ce maka mijin yaya. Ban san wani sunan da zan kira ka da shi ba. Yanzu me zan ce?"

Na ce ya kira ni duk abin da ya ga dama.

Ya girgiza kai. "Ita ta ce kai ne mijinta. Ba zan ƙaryata ta ba." Ya juya fuskarsa wajen bango. "Tashi ka tafi, mijin yaya. Kada ka dawo."